Yadda Ake Gano Matsalar Katin Hoto da Ɗora Masa Direba a Kwamfutar da Aka Harhaɗa

Ka harhaɗa kwamfuta da hannunka, ko an harhaɗa maka don tace bidiyon biki, zanen gini ko wasan gem. Ka danna makunni, fankoki sun tashi, fitilu sun kama, amma allo baƙi ƙirin. Ko kuma Windows ta tashi lafiya, kana ɗora direban katin hoto sai komai ya ɗauke. Abin da mutane ke fara cewa shi ne "direba ne". A nan Jos, yawancin injinan da ake kawo mini da wannan kuka ba su ma kai inda direba ke fara aiki ba.

Direba manhaja ne da ke zaune cikin Windows, kuma ba ya motsi sai Windows ta tashi. Don haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: idan na kunna, ina ganin tambarin kamfanin madabod, wato babban farantin da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa, irin su ASUS, MSI, Gigabyte ko ASRock? In ba ka ganin komai tun daga farko, babu ruwan direba; ka nemi laifin a waya, wuta, zaman kati, RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta ɗan lokaci) ko BIOS (manhajar cikin madabod da ke tayar da inji kafin Windows), wato mataki na 1 zuwa na 5. In kana ganin tambarin sannan allo ya mutu ko ya rikice, kana iya tsallakawa zuwa mataki na 6, ko da yake leƙa wayoyin wuta ba ya ɓata minti biyar.

Kayan da za ka tanada

- Sukudireba mai bakin tauraro, da tocila ko fitilar waya.
- Wayar HDMI ko DisplayPort ta biyu wadda ka tabbata tana aiki, da wata monita. In babu, talabijin ɗin falo mai ramin HDMI ya wadatar.
- Filash, da wata kwamfuta ko waya mai data da za ka sauke abubuwa da ita. Direban NVIDIA ko AMD na yanzu ya haura megabayit 600, kada ka fara da ragowar data.
- Manhajoji biyu na kyauta: DDU na Wagnardsoft, mai kankare tsohon direba, da GPU-Z na TechPowerUp, mai faɗin ainihin abin da ke cikin kati.
- Buroshi mai laushi, abin hura iska, da robar goge fensir.
- Sabon batir CR2032, mai kamar kwabo.
- Kalmar sirrin shiga Windows, da mabuɗin BitLocker in an kulle faifan. Taɓa BIOS na iya sa Windows ta tambaye shi.
- In da hali, aron wani katin hoto ko wani fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta. Da su ake raba gardama.

Sai ƙa'ida guda: abu ɗaya ake canzawa, a kunna, a gani, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya canza waya, ya zare RAM, ya sake BIOS a lokaci guda, ko injin ya tashi bai san me ya gyara ba, kuma gobe zai dawo gidan jiya.

1. Kashe wuta yadda ya kamata

Kashe makunnin bayan fawa fak, zare wayar daga bango, sannan ka danne makunnin gaba na kamar daƙiƙa goma don ragowar wutar ta zube. Kafin ka sa hannu ciki, taɓa ƙarfen akwatin. A hunturun Jos iska ta bushe, rigar sanyi tana tara wutar nan da ke tsirga wa mutum idan ya taɓa ƙofar mota, kuma ita ma tana lalata kayan lantarki. Kada ka yi aikin a kan kafet ko bargo. Kati kuma a gefe ake riƙe shi, ba a haƙoransa na zinariya ba.

In fawa fak ɗin na hannu ne da ya zo daga Amurka, duba bayansa. Tsofaffi suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da ƙauri.

2. Ina wayar monita take?

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ba sabon shiga kaɗai yake kamawa ba. Bayan kwamfuta akwai ramukan hoto a wuri biyu: na madabod a sama, kusa da ramukan USB, da na katin hoto a ƙasa, a kwance. Muddin akwai kati, wayar a jikin kati take shiga. Furosesa da yawa ba su da hoto na kansu sam: na Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar i5-12400F, da na AMD irin su Ryzen 5 3600 da 5600. Da irin waɗannan ramin HDMI na madabod ado ne kawai.

Sai ka duba monita tana kan mashigar da ta dace, HDMI 1 ko HDMI 2 ko DP. Gwada kowane rami na katin, gwada wata waya. In monitoci biyu gare ka, bar ɗaya har a gama.

Masu tsohuwar monita mai ramin VGA su kula. Tun daga jerin GTX 10 katunan NVIDIA suka daina fitar da hoto irin na VGA, don haka ɗan mahaɗin nan na DVI zuwa VGA mai araha ba zai yi aiki ba. Sai mai juya HDMI zuwa VGA, wanda ke da ƙwaƙwalwa a ciki. Akwai kuma katunan GTX 700, 900 da 10 da ke ba da baƙin allo wajen tashi idan an haɗa su da sabuwar monita ta DisplayPort 1.3 ko 1.4. Ka tashe su da HDMI, sannan ka sauke ƙaramar manhajar da NVIDIA ta fitar don gyara wannan.

3. Zaman kati da wutarsa

Kwamfutar da aka ɗoro a mota daga Banex a Abuja, ta bi ta Keffi da Akwanga ta hau Hawan Kibo, ba a kunna ta sai an buɗe. Katunan yanzu suna da nauyi, girgizar hanya tana ɗaga su daga rami ko da noti yana ɗaure. Shi ya sa nake ce wa masu aiko da kaya su zare katin su naɗe shi daban.

Kwance notin, danna ɗan maƙalin da ke ƙarshen ramin, sannan ka zaro katin a miƙe. Kada ka fizga. In ya ƙi, maƙalin ne bai saki ba. Haska ramin ka hure ƙura. In haƙoran katin sun dushe, goga su a hankali da robar fensir ka share ɓurɓushin. Mayar da shi a dogon ramin da ya fi kusa da furosesa, ka danna har ka ji ƙas. Bai kamata ka ga zinariya tana leƙowa ba. Wani lokaci bakin ƙarfen katin ne ke tokare jikin akwati ya hana shi sauka daidai.

Yanzu wuta. Ramin madabod ba ya ba kati fiye da wat 75. Abin da ya haura haka daga fawa fak yake zuwa: waya mai fil 6 tana ɗaukar wat 75, mai fil 8 tana ɗaukar 150. Duk ramin wutar da ke jikin kati sai an cika shi. In kati yana da rami biyu, ya fi kyau kowanne ya samu wayarsa daga fawa fak, maimakon waya ɗaya mai kai biyu.

Abubuwa uku ke ƙona kaya a nan. Na farko, wayar furosesa ma fil 8 gare ta, amma tsarinta daban ne: ita tana rabuwa 4 da 4, ta kati tana rabuwa 6 da 2, kuma galibi an rubuta CPU a ɗaya, PCI-E ko VGA a ɗayar. In ta ƙi shiga, kada ka tilasta. Na biyu, fawa fak mai wayoyin cirewa ba ya aron wayar wani, ko da kan ya shiga daidai. Jerin wayoyin ciki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har ma tsakanin samfura biyu na kamfani ɗaya. Na uku, mahaɗin da ke juya wayar SATA zuwa fil 6 ko 8. An yi kan SATA don ya ɗauki wat 54 ne kacal, sai a ɗora masa katin da ke neman ninki biyu ko uku. Kamar jona dutsen guga ne da wayar cajar waya. Na sha ganin irinsa ya narke ya manne, robar ta koma baƙa. Masu sa babban kati a tsohuwar kwamfutar ofis su ne suka fi faɗawa wannan, don fawa fak ɗinta ba shi da wayar kati. Mafita ita ce katin da ramin madabod ya ishe shi, kamar yawancin GTX 1050 Ti, ko a canza fawa fak in akwatin ya yarda.

Manyan katunan RTX 40 da 50 suna da waya mai fil 16 da ke ɗaukar har wat 600. Ita ba ta yafe sakaci: sai ta shige gaba ɗaya ba ko siririn gibi, kuma ba a lanƙwasa ta daf da bakin kati. Rashin shigarta sosai na cikin abin da ya narkar da kawunan wayoyi a RTX 4090.

Sannan ka auna ƙarfin fawa fak ɗin. RX 580 yana cin wat 185, kamfanin ya ce a ba shi fawa fak mai 500. RTX 3060 yana cin 170, ana neman 550. RTX 3070 yana cin 220, ana neman 650. Kada lambar da aka buga da manyan baƙi ta ruɗe ka. Karanta takardar jikinsa ka ga nawa layin 12V ke bayarwa, don daga nan kati ke sha. Fawa fak marar suna, marar nauyi, mai da'awar wat 700, ni ban yarda da shi ba.

4. Saurari abin da madabod ke faɗa

Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Suna kamawa bi da bi, wadda ta tsaya a kunne ita ce inda aka maƙale. In VGA ce, koma mataki na 2 da na 3. Wani lokaci monita a kashe kawai tana sa ta tsaya. In DRAM ce, katin hoto ba shi da laifi. Zare RAM duka, mayar da ɗaya a rami na biyu daga furosesa, wanda ake kira A2, ka danna har gefe biyu su kama. In guda biyu ne, A2 da B2 ne wurinsu a yawancin madabod, wato na biyu da na huɗu.

Sabon inji mai DDR5, musamman na AMD, yakan yi mintuna da baƙin allo a kunnawar farko yana daidaita RAM. Ka ba shi lokaci. Mutane kan kashe shi a tsakiya su ce ya mutu.

In har yanzu shiru, mayar da BIOS yadda ya fito daga kamfani. Wuta a zare, cire batirin CR2032 na minti biyar ka mayar, ko ka haɗa fil biyun da aka tanada don haka da bakin sukudireba. Littafin madabod zai nuna maka su. In injin yana manta kwanan wata duk sanda aka ɗauke wuta, batirin ya mutu, sa sabo.

Gwaji na ƙarshe a nan: in furosesarka tana da hoto, cire katin gaba ɗaya ka jona monita a madabod. Ya tashi? To sauran injin lafiya, magana ta koma kan kati ko wutarsa. In ba ta da hoto, sai aron kati, ko ka kai naka a gwada a wani inji.

5. Saitin BIOS

Danna Del ko F2 da zarar ka kunna. Nemi wurin zaɓen hoton farko, wanda ake rubutawa Primary Display ko Initial Display Output, ka sa shi kan PCIe ko PEG. In akwai wayar ƙari tsakanin kati da madabod, irin wadda ake tsayar da kati da ita don ado, sauke saurin ramin zuwa Gen 3. Tsohuwar wayar ƙari da sabon kati suna yawan haifar da baƙin allo. Kashe XMP ko EXPO, wato saitin ƙara wa RAM gudu, tukuna har komai ya zauna.

Sai batun CSM, saitin da ke sa madabod ya tashi da tsohon tsari maimakon sabon tsarin UEFI, wanda ke ruɗa mutane. Tsofaffin katuna da aka yi kafin zamanin UEFI ba sa nuna hoto sai CSM yana kunne. Sababbi kuma sun fi son a kashe shi, don Resizable BAR, saitin da ke ƙara wa sabon kati ƙarfi, ba ya aiki sai an kashe CSM an kunna Above 4G Decoding, kuma katunan Intel Arc ba sa sakin ƙarfinsu in babu shi. Amma kafin ka kashe, shiga Windows ka buɗe msinfo32 ka duba layin BIOS Mode. In an rubuta Legacy, kashe CSM zai sa injin ya ce bai ga faifai ba. Ba abin da ya ɓace, mayar da CSM kawai. In kana son komawa UEFI, akwai mbr2gpt cikin Windows, mai juya tsarin faifai, amma kwashe muhimman fayiloli kafin ka gwada.

Sabunta BIOS ba a yin sa a kan wutar da ba ta da tabbas. In wuta ta ɗauke a tsakiya, madabod na iya mutuwa. Sai da UPS mai cikakken caji ko inbata.

6. Tabbatar katin da ke hannunka shi ne wanda aka ce

Buɗe Device Manager ka duba Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, ma'anarsa babu direba tukuna, ba matsala ba ce. Shiga Properties, Details, Hardware Ids: VEN_10DE na NVIDIA ne, VEN_1002 na AMD, VEN_8086 na Intel. Sannan ka buɗe GPU-Z.

Wani matashi mai ɗaukar hoton biki ya kawo mini kati a kwali mai sheƙi, an rubuta GTX 1050 Ti. "Oga, direba ya ƙi hawa, kuma da na buɗe aiki sai ya rufe," in ji shi. Tun kafin mu kunna na juya bayan katin, sai ga shuɗin ramin VGA. Na ce masa, "Ƙanena, wannan ramin bai kamata ya kasance a nan ba." GPU-Z ya nuna ƙwayoyin aiki 192, alhali na gaskiya 768 gare shi. Tsohon GTS 450 ne aka sake wa suna a cikin BIOS ɗinsa. Irin wannan babu direban da zai gyara shi, kuma faifan CD da ake haɗowa da shi a kwali shi ma alama ce. GPU-Z yakan rubuta FAKE a gaban sunan in ya gane. Araha ba ta ado.

Bayan jabun katuna, kashi na biyu su ne katunan da aka yi haƙar kuɗin kirifto da su. Bayan Ethereum ya daina haƙa da katin hoto a Satumbar 2022, irinsu suka cika kasuwar kayan hannu, musamman RX 470, 570 da 580. Ba duka ne marasa kyau ba, amma da yawa an sauya musu BIOS, direban AMD kuma yakan ƙi su ya ba da Code 43, saƙon da Device Manager ke nunawa in Windows ta tsayar da kati. Duba gefen katin: wasu na Sapphire da PowerColor suna da ɗan makunnin BIOS biyu. Kashe inji, tura shi ɗaya ɓangaren, ka kunna. In babu, sai an mayar da BIOS na asali wanda ya dace da samfurin da irin ƙwaƙwalwar katin. Sabon shiga ya bar wa mai gyara wannan.

7. Sauke direban da ya dace

Daga shafin NVIDIA, AMD ko Intel kaɗai. Manhajojin nan masu alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, da tarin direbobin da ake yawo da su a filash, ka rabu da su.

Sabo ba kullum ne daidai ba, don tsofaffin katuna an tsayar da su a wani wuri. A ɓangaren NVIDIA, zuriyar Fermi, irin su GTS 450, ta tsaya a 391.35. Zuriyar Kepler, wato yawancin GTX 600 da 700 da GT 710, ta tsaya a jerin 470. GTX 750 Ti da jerin 900 da 10 sun tsaya a jerin 580. GT 730 kuwa iri-iri ne a ƙarƙashin suna ɗaya, wani Fermi wani Kepler, sai GPU-Z ya faɗa maka: GF a farkon lambar ƙwaƙwalwar Fermi ne, GK Kepler. A ɓangaren AMD, RX 400 da 500 da Vega suna da kunshinsu daban da na sababbin katuna. Saƙon nan na NVIDIA mai cewa bai samu katin da ya dace ba, sau da yawa daga nan yake: an ɗauko direban da ya wuce katin, ko na laftof, ko Windows ɗin ta tsufa ba a sabunta ta ba. Mai tace bidiyo ya zaɓi Studio Driver na NVIDIA in katinsa yana da shi, ba a cika yi masa sauye-sauye ba.

Ajiye direban da DDU a kan faifan kwamfutar tun yanzu.

8. Kankare tsohon direba

Zare wayar intanet, kashe Wi-Fi. Kada ka tsallake wannan: in akwai intanet, Windows za ta riga ka ɗora nata direban da zarar ka goge tsohon, biyun su cakuɗe.

Shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai. Riƙe Shift ka danna Restart, sannan Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, ka danna 4. In allon baƙi ne ba ka iya kaiwa nan, kunna injin, da zarar ɗigon Windows sun fara juyawa ka danne makunni har ya mutu. Yi haka sau biyu ko uku, Windows za ta buɗe shafin gyara da kanta. A Safe Mode ba a loda direban kati, shi ya sa hoto ke dawowa. In ko a nan akwai layuka ko ɗigo-ɗigo masu launi, ko suna fitowa tun a tambarin madabod, to ƙwaƙwalwar katin ce ta taɓu.

Buɗe DDU, zaɓi GPU a dama, zaɓi kamfanin, ka danna Clean and restart. In kati za ka canza, misali daga AMD zuwa NVIDIA, goge na tsohon da Clean and shutdown, sannan ka musanya katin. In furosesarka ta Intel tana da hoto, bar direbanta. Manhajojin tace bidiyo suna amfana da shi. Wanda ba shi da DDU yana iya amfani da AMD Cleanup Utility in direban AMD ne, ko ya cire direban a Device Manager tare da sa alama a akwatin goge shi, sai dai bai kai DDU tsafta ba.

9. Ɗora sabo

Har yanzu ba intanet. Buɗe fayil ɗin da izinin Administrator. A NVIDIA zaɓi Custom ka sa alama a Perform a clean installation. A AMD akwai Factory Reset. Allo zai yi ƙifce-ƙifce, ya ɗauke na wasu daƙiƙu. Haka yake yi, kada ka taɓa makunni. In ya wuce minti biyar a baƙi, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, wannan yana farkar da direba. In bai dawo ba, zare wayar monita ka mayar a wani rami, don wani lokaci hoton ya koma can ne. In duk bai yi ba, koma Safe Mode, sake DDU, ka gwada direban da ya girmi wannan da wata biyu ko uku.

Ya hau? Sake kunna injin, sannan ka mayar da intanet. In bayan kwana biyu Windows ta musanya maka shi, shiga Device Manager, Driver, Roll Back Driver, kuma a zaɓuɓɓukan DDU akwai wanda ke hana Windows Update sauke direbobi. Injin da ke tashi lafiya da Restart amma ya ba da baƙin allo bayan an kashe shi an kunna, kashe masa Fast Startup a Power Options na Control Panel.

10. In ya hau amma yana faɗuwa

Ɗora masa nauyi da FurMark, OCCT ko Unigine Heaven na kamar minti 20, GPU-Z a buɗe a shafin Sensors. Yadda ya faɗi shi ke nuna mai laifi.

In injin ya mutu ɗif ko ya sake tashi da kansa ba wani saƙo, wuta ce. Event Viewer zai nuna Kernel-Power 41, wanda ba ya faɗin dalili, yana shaida ne kawai cewa an yanke ba sallama. Zargi fawa fak, amma kafin ka sayi sabo cire UPS daga tsakani ka gwada. UPS mai 650VA ba ya kai wat 400 na gaskiya. Kati yana ɗaukar nauyi sai ya yi kuka ya yanke. Ƙaramin janareta da wutar da ta yi ƙasa su ma suna yin haka, kuma wasu fawa fak na zamani ba sa jituwa da inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul.

In allo ya daskare, ya ɗauke, ya dawo da saƙon cewa direba ya daina amsawa, Windows ce ta jira katin daƙiƙa 2 bai amsa ba ta sake tayar da shi. In ta kasa, sai allon kuskure mai VIDEO_TDR_FAILURE da sunan fayil: nvlddmkm.sys na NVIDIA, atikmpag.sys ko amdkmdag.sys na AMD. Sunan direba ne ya fito, amma sau da yawa shi ne ya faɗi, ba shi ya jawo ba. Cire duk ƙarin gudun da aka yi wa kati a MSI Afterburner, bar XMP a kashe, gwada RAM da MemTest86, sannan ka dubi zafi.

Kati a bakin aiki yakan zauna tsakanin digiri 65 da 85. Sanyin Jos yana taimakawa, amma ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin kati har ta zama kamar auduga. Hure ta a waje, ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Fankar da ba ta juyawa lokacin da ba a aiki ba lalacewa ba ce, katuna da yawa sai sun ɗumama suke tayar da ita. In an share ƙura amma zafi yana haurawa 90 cikin minti ɗaya ko biyu, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kati da ƙarfen sanyaya ya bushe, sai an buɗe an sake. In katin yana da garanti, kada ka buɗe, mayar da shi.

Code 43 da ya ƙi tafiya bayan DDU, da direba iri biyu, da wani fawa fak, kuma ya bi katin zuwa wani inji, katin ne. Ɗauki bidiyon gwajin da wayarka, lambar jikin katin tana fitowa, ka aika wa mai kayan kafin kwanakin gwajin da kuka yi yarjejeniya su ƙare. In a gari za ka saya, a Taminus ko Ahmadu Bello Way, tafi da filash mai GPU-Z da FurMark, a ɗora direba a gabanka, katin ya yi minti 15 yana aiki kafin ka tura kuɗi.